Cc ko C2/c? Lissafi ya ce babu cibiya, ni kuma hankalina bai kwanta ba

Ɗalibar Filatinam:
Assalamu alaikum malamai da 'yan'uwa. Don Allah a duba mini wannan, tun ranar Litinin nake fama da shi. Na samu kiristal na wani haɗin filatinam mai kulorin biyu da ligan biyu iri ɗaya (molekul masu riƙe da ƙarfen), kowanne ya kama ƙarfen ta naitirojin. Na ɗauki bayanai da hasken eksiray na molibdinam, 0.71073 Å. Akwatin asali, wato ɗan akwatin da ke maimaituwa a cikin kiristal, monokilinik ne, kusurwar β ta yi nesa da 90. Kowane ɗigon haske a hoton ana kiransa da lambobi uku, h, k, l. Duk ɗigon da h+k ɗinsa mara ne bai fito ba, wato tsarin C ke nan. A cikin h0l ma duk mai l mara babu shi. To an bar ni da rukunan daidaito biyu, ko Cc maras cibiyar juyi, ko C2/c mai ita (cibiyar juyi ita ce wurin da kowane atam yake da abokinsa a ɗaya gefensa). Girman akwatin ya nuna molekul huɗu ne a ciki. Manhajar XPREP ta ba ni matsakaicin |E²−1|, lambar da ake neman alamar cibiya da ita, 0.75, sai na bi Cc. Tsari ya fito tsaf, R1, ma'aunin saɓani tsakanin tsarin da abin da aka auna, ya sauka zuwa kashi 3.1. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne tsawon Pt–Cl: ɗaya 2.25 Å, ɗayan 2.34 Å, alhali babu abin da ya bambanta su a kimiyyance. Wasu kabon ɗin zobe ma dunƙulen girgizarsu ya miƙe kamar sanda. Mai duba aikina ya yi tafiya. In rubuta shi haka?

Ɗan Manhaja:
Wa alaikumus salam. 0.736 na maras cibiya ne, 0.968 na mai cibiya. Naki 0.75. Me kuma ake jira? Ga R1 kashi uku. Rubuta abinki kawai 'yar'uwa.

Malam Dattijo:
A'a, dakata tukuna 'yata, kada ki rubuta komai. Ɗan Manhaja, sauri ya haifi nawa. Ki turo mana cikakkiyar fomula, har da ruwan narkarwa in akwai wanda ya maƙale a ciki. Ki kuma gaya mana lambar Flack, mai bambanta tsari da juyayyensa, nawa ta fito, da kuskurenta.

Sabon Shiga:
Malam kafin ta dawo, ni ban gane tushen maganar ba. Ba na'ura ce ke auna kiristal ba? Me ya sa ba za ta faɗi kai tsaye ko yana da cibiyar juyi ko ba shi da ita ba, sai an koma ga matsakaici da kirdado?

Malam Dattijo:
Tambaya ce mai kyau, kuma amsarta ta haura shekara ɗari. A 1912 aka fara ganin ɗigogin nan a Jamus, a gwajin da Laue ya tsara. Shekara guda bayan haka, 1913, Friedel na Faransa ya lura cewa ƙarfin ɗigon hkl daidai yake da na abokinsa mai alamomi a juye. Ma'ana hoton da na'ura take gani kullum kamar mai cibiya yake, ko kiristal ɗin yana da ita ko ba shi da ita. Saboda haka rukunan ɗigo 32 da muke da su, wato nau'o'in daidaiton siffar kiristal, a hoton sun dunƙule sun koma 11 kacal, su ne ajin Laue. Daga nan sai mu duba ɗigogin da suka ɓace bisa ƙa'ida. Sandar murɗi da madubi mai zamewa suna share wasu ɗigogi, sai su tona kansu. P2₁/c alal misali ba ya wahalar da kowa, ɓacewarsa ba ta kama da ta wani. Amma cibiyar juyi, da madubi zalla, da sandar juyi zalla, ba sa share komai. Shi ya sa P1 da P-1 ba su da bambanci a wannan mataki, haka P2₁ da P2₁/m, haka Pna2₁ da Pnma, haka waɗannan biyun da suka hana 'yarmu barci.

Wilson ne, ɗan Kanada da ke koyarwa a Kadif ta Birtaniya, ya nuna a 1949 cewa cibiyar tana barin sawu a wani wurin. Ba a ɗigo ɗaya ba, a yadda ƙarfi ya rarrabu tsakanin dubban ɗigogi. Ka ɗauka an rufe wa mutum ido, kowane atam a akwatin yana sa shi ya yi taki ɗaya. Inda ya tsaya bayan an gama, nisansa daga mafari shi ne girman F, igiyar da ke ba ɗigon ƙarfinsa. In babu cibiya, a fili yake tafiya, kowane taki na iya fuskantar kowace kusurwa. In akwai cibiya, kowane atam yana da abokinsa a ɗaya gefen, karkacewar hagu da ta dama su cinye juna, sai ya zama a kan siraɗi yake, ko gaba ko baya. Mai tafiya a kan layi ɗaya ya fi yawan komawa kusa da inda ya taso, kuma in taki ya yi ta zuwa gefe ɗaya, ya fi yin nisa. Saboda haka mai cibiya yana da raunanan ɗigogi da yawa, da 'yan ƙarfafa ƙwarai. Maras cibiya nasa sun fi taruwa a tsakiya.

Mai Lissafi:
Bari in sa wa maganar Malam lambobi. Ana raba ƙarfin kowane ɗigo da matsakaicin ƙarfin 'yan'uwansa masu kusurwa ɗaya da shi, abin da ya fito shi ne z, ko E². Dole a yi haka domin ƙarfi yana raguwa in kusurwa ta ƙaru. A 1950 Howells da Phillips da Rogers suka mayar da shi gwajin N(z), wato kason ɗigogin da ba su wuce z ba. Maras cibiya: 1 − exp(−z). Mai cibiya: erf na saiwar z/2. A z = 0.1, na farko kashi 9.5 ne, na biyu kashi 24.8. Can sama kuwa, masu |E| fiye da 2 kashi 1.8 ne da kashi 4.6. Matsakaicin E⁴ 2 ne da 3. Ita kuma 0.736 ɗin da ake ta ambata ba daga sama ta faɗo ba, 2 ce aka raba da e.

Abin da mutane suke mantawa shi ne sharuɗɗan da Wilson ya gindaya. Atam su zama da yawa. Nauyinsu ya zama kusan ɗaya. Su warwatsu a akwatin ba tare da wani tsari na musamman ba. In ɗaya ya karye, lambobin nan biyu ba naka ba ne.

Sabon Shiga:
Na gode. Wato 0.968 da 0.736 ba dokoki ba ne, sakamakon wani zato ne.

Ɗalibar Filatinam:
Afuwan, na je na buɗe fayil ɗin. A kowane molekul: filatinam 1, kulorin 2, naitirojin 2, kabon 20, sai metanol guda ɗaya da ya maƙale. Flack 0.47, kuskure 0.03.

Malam Dattijo:
Madalla. To yi wannan lissafin da hannunki, ba sai da kwamfuta ba. Gudummawar kowane atam ga matsakaicin ƙarfi tana tafiya ne da lambarsa in an ninka ta da kanta. Filatinam 78 sau 78, 6084. Kulorin biyu, 578. Naitirojin biyu, 98. Kabon ashirin, 720. Metanol, 100. Haidurojin ki bar shi, bai kai a ƙirga ba. Jimla 7580. Filatinam shi kaɗai ya kwashe kashi 80 cikin ɗari, kuma a manyan kusurwoyi ya fi haka, domin hasken ƙananan atam ya fi saurin dusashewa. Wannan ba taron mutane masu murya ɗaya ba ne. Mutum ɗaya ne da lasifika, sauran suna raɗa.

Mai Lissafi:
Akwai ma abin da ya fi wannan, Malam. A Cc, filatinam yana x, y, z, abokinsa yana x, −y, z+½, sai maimaicin C. Amma a Cc mafari ba a ɗaure yake ba ta a da c, kana iya matsar da shi inda ka so. Matsar da shi har x ya zama 0, z ya zama ¼. Sai ka samu 0, y, ¼ da 0, −y, ¾. Waɗannan su ne ainihin wuraren 4e na C2/c, a kan sandar juyi biyu. Wato jerin filatinam ɗin nan iri ɗaya ne sak a rukunan biyu. Kashi 80 na hasken da aka auna ba shi da ta cewa a wannan shari'a.

Kuma ba shiru kawai ya yi ba, yana jan lambar ƙasa. Gudummawarsa kosain ce zalla, cos 2π(ky + l/4). Kosain ba ya wuce ɗaya, don haka ba ya iya samar da ɗigogi masu ƙarfin gaske irin na mai cibiya. In da filatinam ne kaɗai a akwatin, matsakaicin |E²−1| zai tsaya wajen 2/π, wato 0.64, matsakaicin E⁴ kuma 1.5. Duka biyun suna ƙasa da na maras cibiya, alhali jerin yana da cibiya. Ƙananan atam ne suka ɗago shi zuwa 0.75. Ki duba h0l naki ma, za ki ga kusan duk suna da ƙarfi, domin k sifili ne, filatinam duk sun haɗa baki.

Ɗan Manhaja:
To na janye maganata ta farko. Amma wannan ai ya tabbatar da abin da na daɗe ina faɗa, gwajin nan na zamanin fim ne, ya kamata a ajiye shi. Tun 2015 SHELXT, manhajar gano tsari, yake warware tsari a P1 tukuna, sannan ya nemo daidaiton daga kusurwoyin igiya da ya samu, ba daga ƙarfi kaɗai ba. Superflip ma haka yake yi. In an gama ka tura wa manhajar PLATON, sashenta na ADDSYM ya duba ko akwai daidaiton da ka tsallake. Me zai sa a ci gaba da koya wa ɗalibai lambar da ke yin ƙarya da zarar ƙarfe mai nauyi ya shigo?

Malam Dattijo:
Ba ta yi ƙarya ba. An yi mata tambayar da ba tata ba ce. Kai ma da ka ga 0.75 ai ba ka tambayi mene ne a cikin akwatin ba.

Ɗan Manhaja:
Na karɓa, ranka ya daɗe. Amma maganata tana nan. In sai mutum ya san tsarin kafin ya fassara lambar, ina amfaninta? Ai don a san tsarin ake dubanta.

Mai Lissafi:
Ba tsari ake buƙata ba, fomula ce, kuma wanda ya haɗa sinadarin yana da ita tun kafin ya kunna na'ura. Sannan lambar ba ɗaya take ba ta ɓangarorin biyu. Abubuwan da ke jan ta ƙasa suna da yawa: atam mai nauyi, tagwaitaka (sassan kiristal biyu a manne, kowanne da fuskantarsa), jefar da raunanan ɗigogi, auna su sama-sama. Masu tura ta sama ba su kai haka ba, galibi maimaicin boge ne, kamar molekul biyu da ke zaune kusan rabin akwati tsakaninsu, ko molekul mai cibiyar kansa da ya zauna a wurin da ba cibiyar kiristal ba. Wannan na ƙarshen Lipson da Woolfson sun yi bayaninsa tun 1952, matsakaicin E⁴ yana kaiwa 4.5. Saboda haka in na ga 0.95 a haɗin kabon da naitirojin da oksijin zalla, nakan yarda da ita sosai. In na ga 0.75, sai in fara tambaya.

Dakta Mai Furotin:
Ɗan Manhaja, ƙanena, zo ɓangarenmu ka ce a ajiye wannan gwaji ka ga yadda za a kalle ka. Mu tambayar cibiya ba ta taso mana ba sam. Furotin na hannu ɗaya ne, ba ya shiga rukunin da ke da madubi ko cibiya, cikin rukunan daidaito 230 guda 65 kaɗai suka rage mana. Kuma atam dubbai ne masu nauyi kusan ɗaya, wato sharuɗɗan Wilson sun cika fiye da na kowa. Tunda mun riga mun san amsar da ya kamata ta fito, duk kaucewa daga gare ta labari ne. Matsakaicin I² a kan murabba'in matsakaicin I (I shi ne ƙarfin ɗigo) ya kamata ya zama 2. In ya gangaro wajen 1.5, kiristal ɗin tagwaye ne rabi da rabi, domin kowane ɗigo haɗin biyu ne, mai rauni ya jingina da mai ƙarfi, rarrabuwar ta tsuke. A lambar da kuke amfani da ita, wannan 0.541 ne.

Na taɓa ɓata wata biyu a kan irin wannan. Bayanai sun haɗu lafiya a ajin 4/mmm, na ɗauka P4₁2₁2 ne ko ɗan'uwansa, R ya ƙi sauka ko ta halin ƙaƙa. Ashe 4/m ne, tagwaitaka ce ta ƙara masa daidaiton da ba shi da shi. Gargaɗin yana nan a rahoton tun ranar farko, ni ce ban karanta ba. Gwajin L na Padilla da Yeates, na 2003, shi ya fi kama shi, domin yana kwatanta ɗigogi maƙwabta ne, maimaicin boge ba ya ruɗa shi sosai in an zaɓi maƙwabtan da kyau. Matsakaicin |L| 0.5 ne ga lafiyayye, 0.375 ga cikakken tagwaye. Nawa ya fi kusa da na biyun.

Sabon Shiga:
Dakta, na ga a rahoton furotin ana raba ɗigogi gida biyu, masu cibiya da marasa. Yaya aka yi aka samu masu cibiya in kiristal ɗin ba shi da ita?

Dakta Mai Furotin:
Inuwa ce. Ka leƙa kiristal ta tsawon sandar juyi biyu, ko sandar murɗi 2₁, inuwar da za ka gani a shimfiɗe tana da cibiya. Don haka a P2₁ ɗigogin h0l suna bin rarrabuwar mai cibiya, sauran ba sa bi. A P2₁2₁2₁ shiyyoyi uku ne, hk0 da h0l da 0kl. Da can da wannan ake raba gardamar C2 da Cm da C2/m, waɗanda ɓacewarsu ɗaya ce. In duka masu cibiya ne, C2/m. In h0l kaɗai, C2. In h0l ba su da cibiya amma matsakaicin ƙarfinsu ya ninka na sauran, Cm, domin madubi yana ɗora atam biyu a kan juna a wannan inuwar. Sai dai shiyya ɗaya ɗigoginta kaɗan ne, a ƙaramin akwati ba su isa a gina hukunci a kansu ba.

Malam Dattijo:
Mu koma kan mai matsala. 'Yata, akwai abin da nake son ki amsa da gaskiya. Ɗigogin da kika yi lissafin nan da su, duka ne, ko an rage?

Ɗalibar Filatinam:
Malam kamar ka gani. Wani da ya riga ni a ɗakin gwaji ne ya nuna mini in cire duk wanda ƙarfinsa bai kai 2σ ba, wato ninki biyu na kuskuren awonsa, kafin in fara, wai hayaniya ce kawai, kuma R yakan fi kyau. Na cire kusan kashi ɗaya cikin biyar. Lokacin haskawa ma na gajarta shi, saboda akwai masu jiran na'ura.

Malam Dattijo:
To a nan gizo yake saƙar. Shaidun da suka ga abin da ido su kika kora daga kotu. Ki duba: F yana da ɓangare biyu, A da B, kuma murabba'in girmansa A² + B² ne. In akwai cibiya, B sifili ne. In tsarin ya ɗan kauce daga cibiya, B ƙarami ne. Ɗauki B = 10. In A 100 ne, girman F 100.5, bambancin da na'ura ba za ta rantse a kansa ba. In A 3 ne, girman F 10.4, ya ninka fiye da sau uku. Duk hujjar tana cikin raunana. A naki ma ya fi tsanani, domin raunanan su ne inda kosain ɗin filatinam ya kusa sifili, wato inda mai lasifika ya yi shiru aka ji masu raɗa.

Marigayi Richard Marsh na jami'ar Caltech a Amurka ya shafe shekaru yana bin tsarukan da aka riga aka buga yana gyara rukuninsu, Cc zuwa C2/c da P1 zuwa P-1 suna cikin waɗanda ya fi kamawa. Har sunansa ya zama abin tsoro a wannan fanni, kowa yana addu'ar kada aikinsa ya faɗa hannunsa. Abin da ya yi ta nanatawa ke nan, kada a zubar da raunanan ɗigogi. Mayar da su duka, har masu ƙarfi ƙasa da sifili, ki sake lissafi. Sannan ki tura tsarin Cc ɗin ga ADDSYM.

Ɗan Manhaja:
Ga shi nan dai, an dawo ga manhaja.

Malam Dattijo:
Wa ya ce a bar ta? Ni ma da ita nake aiki. Na yi zamanin da sai ka zana N(z) a takardar giraf da fensir, ba na kewar sa ko kaɗan.

Ɗalibar Filatinam:
Na dawo. Da duka ɗigogin, matsakaicin |E²−1| ya hau zuwa 0.81. ADDSYM ya ce akwai sandar juyi biyu da ta ratsa filatinam, da cibiya, ya ba da C2/c, atam ɗin haɗin duk sun dace. Na sake tacewa a can, rabin molekul ne yanzu. Pt–Cl ya zama 2.295 Å, zoben ya daidaita, dunƙulen girgiza sun koma yadda aka saba gani. Amma R1 ya hau zuwa kashi 3.6, na Cc da duka ɗigogin kashi 3.4 ne. Kuma metanol ya faɗa kan cibiyar juyi, kabon da oksijin suna musayar wuri, sai da na raba su rabi-rabi. A Cc kuwa a zaune yake ƙalau.

Mai Lissafi:
Haɗa 2.25 da 2.34 ki raba biyu. 2.295. Alamar ke nan da ba ta ɓuya. In ka tace tsari mai cibiya a rukunin da ba shi da ita, matsar da atam ɗaya gaba da abokinsa baya ba ya canza ƙarfin da ake lissafawa a matakin farko. Lissafin ba shi da abin da zai riƙe, sai ɗaya ya miƙe ɗaya ya gajarce, matsakaicinsu kaɗai ne gaskiya. Flack kusa da rabi ma abin da take faɗa ke nan, ko tagwayen juyi ne, ko kuwa tun asali babu hannun dama da na hagu da za a bambanta. Batun R kuwa, a Cc kina da kusan ninki biyu na abubuwan da ake daidaitawa. Duk wanda aka ba ƙarin maɓallai zai rage R, ko da hayaniya yake bi.

Ɗan Manhaja:
Na yarda da haɗin filatinam ɗin. Amma metanol fa? In da gaske a tsare yake, kowanne yana fuskantar gefe ɗaya, to kiristal ɗin Cc ne komai ƙanƙantar bambancin. Kama da wane ba ta wane. Ba a tilasta wa abu cibiya don a samu tebur mai kyau. Akwai tsarukan da aka cusa a rukuni mai cibiya aka ƙirƙiro musu hargitsin da babu shi.

Dakta Mai Furotin:
Wannan karon ina bayanka. Kuskuren yana da fuska biyu, ba ɗaya ba.

Malam Dattijo:
Gaskiya ne, ban musa ba. Amma mu auna abin da ake gardama a kai. Bambancin kabon da oksijin lantarki biyu ne, a gefen filatinam mai 78, a bayanan da aka ɗauka cikin gaggawa. Zaman da metanol ya yi ƙalau a Cc ba hujja ba ce, domin duk yadda kika ɗora shi a farko haka zai zauna, ki juya shi ki gani, R ba zai motsa ba. In ya motsa sosai, to ina son in sani. Matsayin Marsh a irin wannan shi ne, in bayanai ba su iya rabewa ba, a bayyana tsarin a rukuni mai cibiya, a faɗi hargitsin a fili. Dalili kuwa, a can tsawon haɗe-haɗen da za ka buga abin dogaro ne, a ɗayan kuwa ka buga 2.25 da 2.34, wani ya zo ya rubuta shafi biyu yana bayanin dalilin da ya sa kulorin ɗaya ya fi ɗaya riƙo.

Sabon Shiga:
Ba wata hanya a wajen eksiray da za ta raba gardamar?

Mai Lissafi:
Akwai. Kiristal maras cibiya yana iya ninka mitar hasken leza. Ka haska garinsa da 1064 nm, in koren haske na 532 nm ya fito, babu cibiya. Hanyar Kurtz da Perry ce, ta 1968. Haka samar da lantarki in an matsa shi, wanda 20 daga cikin rukunan ɗigo 21 marasa cibiya suke iya yi. Sai dai ganin koren hujja ce, rashin ganinsa ba hujja ba ce, kuma in metanol ne kaɗai ya karya cibiyar, ban sa ran a ga wani abin kirki ba.

Ɗalibar Filatinam:
Na gwada abin da Malam ya ce. Na musanya kabon da oksijin na metanol a Cc, R1 bai canza ba har lamba ta biyu bayan ɗigo, wR2, ɗayan ma'aunin saɓanin, ma haka. Zan ci gaba da C2/c. Na samu lokacin na'ura ranar Alhamis da dare, ba mai jira a bayana, zan sake ɗauka a 100 K da dogon haskawa, da wani kiristal ɗin da ya fi wannan girma kaɗan. Allah ya saka wa kowa da alheri.

Malam Dattijo:
Amin. Kada ya yi girma da yawa, filatinam yana shan hasken sosai, ki auna fuskokinsa don gyaran shanyewa. In kin sanyaya, ki duba hotunan da idonki kafin ki bar manhaja ta zaɓi akwati, ko wasu raunanan ɗigogi sun ɓullo a h0l masu l mara ko a inda h+k mara ne. Metanol yakan iya tsaruwa da sanyi, kuma in ya yi, ba lallai Cc zai zaɓa ba.

Ɗan Manhaja:
Ki turo mana 0.81 ɗin ya koma nawa. Ina cewa ba zai wuce 0.85 ba.

Mai Lissafi:
Da kashi 80 a hannun atam ɗaya, ni ma ban sa ran ya wuce ba. Ki ware masu k ba sifili ba ki lissafa su daban, h0l suna jan sa ƙasa.